Yadda Na Kashe Kawuna a Kalanda

Shekarar da na sayi kyamara, babu wanda ya sha wuyata kamar mutanen gidanmu a Nguru. Ta hannu ce, baƙa mai dogon hanci, na karɓe ta wurin wani abokin aikina a makarantar da nake koyarwa, wanda ya gaji da ita. Tun ranar da na rataya ta a wuya na daina ganin mutane, sai haske da inuwa. Matata tana tsakiyar tuƙa tuwo sai in ce ta tsaya haka kada ta motsa, hayaƙin ya yi kyau. Akuyar maƙwabcinmu kuwa na ɗauke ta har ta gane ni, da ta hango ni tafe sai ta juya mini baya.

Malamaina duk a cikin waya suke, wasu Turawa masu gemu da ke bayani a bidiyo. A wurinsu na koyi cewa gwani ba ya ce wa mutum ya kalli kyamara, ba ya ce masa ya yi kwalliya, yana kama shi ne yadda Allah ya yi shi. Na koyi cewa hasken kirki ba ya fitowa sai rana ta kusa faɗuwa, kuma hoto marar launi, mai baƙi da fari, ya fi shiga zuciya. Abin da ya fi kumbura mini kai shi ne da suka ce gwani ba ya barin kyamara ta saita kanta, da hannunsa yake murɗa komai. Na haddace waɗannan kamar karatun allo. Daga nan na shiga raina masu hoton situdiyo, da labulensu mai zanen gidan bene, da furensu na roba, da yadda suke tsayar da mutum ƙiƙam sai ka ce an kira shi gaban alƙali. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma a lokacin ni ji nake nawa sanin ya kai buhu.

Ana cikin haka maganar kawuna ta taso. Wan mahaifiyata ne, mutumin Dagona, a cikin kwalekwale ya girma, daga baya ya dawo Gashuwa yana sayar da banda a kasuwa. A gidansa nake yin duk hutun makaranta ina yaro, kuma har yau in na ji ƙamshin kifin da aka kyafa shi nake tunawa. A lokacin da nake ba da labari ya haura saba'in.

Ƙungiyarsu ta masu kifi tana buga kalanda duk shekara. Ƙatuwar takarda ce guda ɗaya, watanni a ƙasa, hotuna a sama, kowane a cikin ɗan da'ira. Shugabanni ne a layin farko, dattawan ƙungiya a na biyu, sannan a na uku waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, da addu'a a ƙarƙashinsu. Ana rataya ta a kowace rumfa, da teburin mai shayi, da shagon aski. Kawu ya fi shekara arba'in a kasuwar nan, fuskarsa ba ta taɓa shiga ba. Duk shekara in an kawo sabuwa yakan ce, "Takarda ce fa, ƙarshenta a ƙunsa ƙosai." Amma yana faɗin haka yana tsaye a gabanta, yana bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya da ido.

A wannan shekarar aka saka shi cikin dattawa. Matarsa, wadda muke kira Iya, ita ta buga mini waya ta gaya mini. Ta ce ya ɗinka babbar riga ta shadda mai ruwan sararin samaniya, ya sayi sabuwar hula zanna, ya hana kowa taɓa su, kuma ranar Asabar zai je wurin mai hoton bakin tasha a ɗauke shi. Ina jin "mai hoton bakin tasha" raina ya ɓaci. Ranar Asabar da sassafe ina cikin motar Gashuwa, kyamara a kan cinya kamar jaririya.

Na same shi ya riga ya yi wanka, Iya tana turara masa rigar.

"Kawu, ina da rai za ka kai fuskarka wurin mai furen roba?" na ce. "Ni zan ɗauke ka. Irin hoton da zan yi maka, duk kalandar nan kai za a riƙa kallo."

Ya dube ni, ya dubi abin da ke wuyana. "Malam, wannan abin naka yana fitar da mutum sosai kuwa? Uwarka ta ce ka ɗauke ta, hannunta kawai ya fito da ludayi."

"Ai da gangan na yi. Fasaha ke nan."

"To ni ba na son fasaha. Riga nake so ta fito, da hula, da agogo."

Na rantse masa duk za su fito. Na ƙara da cewa hasken cikin gari bai dace da mutum irinsa ba, sai mun je Dagona bakin ruwa, inda aka binne cibiyarsa. Wannan maganar ce ta karya shi. Aka ninke rigar a leda, muka hau babur biyu muka kama hanya.

Mun isa da azahar, na ce rana ta yi tsaye da yawa, sai mun jira. Muka jira. Ruwa ya cika fadama, shinkafa ta yi kore shar, tsuntsaye suna ta sauka suna tashi. Tsofaffin abokansa suka kewaye mu suna tambaya me muke jira, ya ce musu, "Haske muke jira," suka ɗaga kai suka dubi rana tsaka. Bayan la'asar sakaliya na ce lokaci ya yi. Kawu ya zura riga, ya kafa hula, ya tsaya a bakin ruwa ya ɗora hannun agogo a kan ƙirji, ya haɗe fuska kamar an aiko masa da sammaci. Na ce ya saki jiki. Ya ce jikinsa a sake yake. Na murɗa nan, na murɗa can, na ɗauke shi kamar sau ashirin ba da son raina ba.

Sai na ce ya shiga kwalekwale. Ya ce da wannan shaddar ko sarki ne ya ce ya shiga ba zai shiga ba. Na ce to ya cire ta, gwaji kawai zan yi in ga yadda haske yake a kan ruwa. Ya tuɓe rigar ya ba wani abokinsa ya riƙe masa da hannu biyu, ya rage daga shi sai tsohuwar singileti mai huji a kafaɗa. Wani ya miƙa masa komar kamun kifi don tsokana. Hannunsa na taɓa ta ya mance da ni. Ya gyara tsayuwa, ya dubi can ƙarshen ruwa yana karanta abin da ni ban iya karantawa ba, rana ta bugi gefen fuskarsa, ni kuwa na danna.

Da na koma Nguru na zuba hotunan a kwamfuta, sai ido ya raina fata. Na rigar duk sun lalace. Na tsayar da shi rana tana bayansa, ga murɗe-murɗen da na yi, sai ya fito baƙi ƙirin kamar kututturen da gobara ta ci. Guda biyu sun yi haske, amma a ɗaya na yanke masa hula, a ɗayan ya rufe ido. Na kwalekwalen kuwa ya yi kyau, kyan da har yau ban sake yin irinsa ba. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in koma Gashuwa in ce Kawu na kasa, tashi mu je bakin tasha. Girman kai ya hana ni. Na gaya wa kaina cewa in ya ga wannan a kalanda zai gode mini. Na cire masa launi ya koma baƙi da fari, na yi mako guda ina ƙara inuwa ina ragewa.

Sakataren ƙungiya ya kira ni sau uku ina cewa saura kaɗan. A na huɗu ya ce shi ya riga ya aika sauran hotuna Kano wurin mai ɗab'i, ga lambar mutumin, in tura masa da kaina in ina so. Na tura hoton da sunan Kawu a ƙarƙashi, ban rubuta komai bayan sunan ba.

Ana saura kwanaki shekara ta ƙare Iya ta sake bugo waya. Ba ta ko amsa gaisuwata ba. "Ka zo ka ga aikinka," ta ce, ta kashe.

Wallahi da murna na tafi. Na ɗauka yabo ne ya yi mata yawa har ta rasa bakin magana. Ina shan kwanar layinsu na ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza zaune, na ɗauka rasuwa aka yi. Sai kuma na hango Kawu a tsakiyarsu da ransa da lafiyarsa, yana ɓare gyaɗa. Kusa da shi akwai wani tsoho da ban sani ba, yana ta shan ruwa yana ajiyar zuciya.

Tsohon abokin kamun kifinsa ne tun suna samari, yanzu yana zaune a Karasuwa. Ya ga sabuwar kalanda a teburin mai shayi, ya ga abokinsa a layin mamata, ya yi kuka, ya auno gero na sadaka ya hau mota. Ya iso ƙofar gida ya yi sallama da muryar ta'aziyya, sai mamacin da kansa ya leƙo daga zaure ya amsa. Ya zura da gudu, an ce takalminsa ɗaya a bakin kwata aka tsinto shi. Shi ne na huɗu da ya zo gaisuwa a ranar, shi ya sa Kawu ya ce a shimfiɗa tabarma a waje, masu zuwa su riƙa ganinsa tun daga nesa kada wani ya karye.

Sakatare ya warware kalandar a gabana. Ga Kawuna nan a layi na uku, tsakanin mahaifin sakataren da wani da ya rasu tun ban shiga firamare ba, yana kallon nesa cikin yagaggiyar singileti, an rubuta Allah ya jiƙansu a ƙasa. Ashe duk hotunan masu rai masu launi ne, na mamata kuwa tsofaffi ne, baƙi da fari. Mai ɗab'in ya ga hoto marar launi ya zo shi kaɗai babu bayani, ya kai shi inda 'yan'uwansa suke. Gurbin da ya rage a layin dattawa kuma bai bar shi fayau ba, ya cike shi da hoton wata ƙatuwar tarwaɗa.

Ni da ya kamata in yi shiru, sai na hau faɗa. Na ce mai ɗab'in nan jahili ne, bai san hoto ba. Na ce a ƙasashen da aka ci gaba irin wannan hoton gilashi ake saka shi. Na juya wurin Kawu na ce ya yi haƙuri da maganar mutuwar, kuskure ne, amma ya dubi hoton kansa tsakani da Allah ya gaya mini in bai yi kyau ba.

Ya ajiye gyaɗar hannunsa. Bai ɗaga murya ba.

"Mutuwar ba ta dame ni ba, ɗan nan. Kowa zai yi ta, kuma waɗanda aka haɗa ni da su mutanen kirki ne. Amma shekara arba'in garin nan a haka yake ganina, cikin tsumma, ina ƙarnin kifi. Sau ɗaya na so a gan ni da riga." Ya sa yatsa a kan hujin singiletin. "Ko gawa ai ana yi mata sutura."

Ba wanda ya yi dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tunda nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma kyamarar da ke wuyana ta yi mini nauyi kamar an rataya mini turmi.

Washegari ni na ɗauki ledar rigar da hannuna muka nufi bakin tasha. Mai hoton dattijo ne, Kirista daga kudu, ya zo Gashuwa tun yana saurayi, ya iya gaisuwar Bade da ta Barebari duk da harshensa bai gama karyewa ba. Labulen gidan benen yana nan, furen robar ma yana nan, ya sha ƙura. Labari ya riga mu isa, don yana ganin Kawu ya tafa hannu ya ce, "Wushe, Baba! Sannu da dawowa. Yaya mutanen can?" Kawu ya yi dariya, karo na farko tun jiya.

Na zuba ido in ga yadda zai saita kyamararsa, wadda ta girmi tawa nesa ba kusa ba. Ko kallonta bai yi ba. Ya zaunar da Kawu a benci ya tambaye shi, "Baba, wa kake so ya ga hoton nan?"

Kawu ya ce, "'Yan kasuwa. Da jikokina."

"To shi ke nan. Ba za mu haɗe rai da yawa ba saboda jikoki, ba za mu washe baki ba saboda 'yan kasuwa."

Ya saka masa rigar da kansa, ya naɗe hannuwanta a kan kafaɗa ninki-ninki har aikin wuyan ya fito fili. Ya karkata hular kaɗan, ya ja baya ya duba, ya dawo ya mayar da ita rabin inda take. Ya shafa masa 'yar hoda a goshi don kada ya yi ƙyalli. Da yake ya san da'irar kalanda iya ƙirji take ɗauka, sai ya ɗaga masa hannun agogo ya kama bakin rigar da shi, kamar mai shirin tashi ya yi jawabi. Duk wannan yana yi yana tambayarsa ko ruwa ya kawo kifi bana. Kawu yana cikin ba shi amsa, fuska ta saki, mutumin ya ce, "Baba, dube ni," ya danna sau biyu. Aiki ya ƙare ke nan.

Kafin mu fita na nuna masa nawa a waya, ina jiran ya yi mini ba'a. Ya daɗe yana kallo. "Hoton nan ya yi kyau, Malam," ya ce. "Ni ban iya irinsa ba. Amma naka ne, ba na Baba ba."

Shi ya kawo dabarar gyara. Sake buga kalanda ba zai yiwu ba, an riga an raba. Sai ya wanke mana hoton ƙanana-ƙanana daidai girman da'irar, ya ba ni almakashi da kwalbar gam, ya ce mu bi rumfa-rumfa mu liƙa Kawu a kan tarwaɗa. Saura wanda ke layin mamata. Na ce tunda an tashi tarwaɗa daga wurinta, a wanke ƙananan hotunanta a mayar da ita can, ai banda ma matacce ne. Sakatare ya ce a'uzubillahi, ba za a ajiye kifi kusa da mahaifinsa ba. Aka tsaya a kan a rufe gurbin da farar takarda.

Kwana biyu muna zagaya kasuwa. Ni ne mai yanka da liƙi, Kawu yana biye da ni cikin kayan aikinsa yana amsa barka da tashi daga matattu. Wani mai shayi ya ƙi a taɓa tasa, ya ce tarwaɗar ta fi rabin dattawan kyau, sai da aka haɗa shi da Allah. Yatsuna suka manne da gam, na liƙa Kawu a juye a shagon wani wanzami, na ɓamɓare na sake. Waɗanda suka riga suka fita gari ba mu same su ba, can har shekara ta ƙare Kawu mamaci ne.

Ta ƙarshe ita ce ta babbar rumfar ƙungiya, inda manyan masu saye suke sauka. Wannan kam Kawu ya ce shi zai liƙa da kansa. Hoton ya ɗan karkace, na kai hannu zan gyara ya buge shi. Da ya gama bai koma rumfarsa ba. Ya jawo wani kwando ya kife, ya zauna a ƙarƙashin kalandar, wai ƙafarsa ce ta gaji.

Can sai ga wani baƙo daga Machina ya zo sayen banda. Yana jiran a ɗaure masa kaya, ya tsaya yana kallon kalandar, ya bi layin farko, ya gangaro na biyu, ya tsaya a kan mai shuɗiyar riga. Ya sunkuyo ya dubi tsohon da ke zaune a kan kwando cikin tsumma, ya ce, "Baba, don Allah wane ne wannan babban mutumin?"

Kawu ya kai hannu bayan kunne. "Me ka ce?"

"Na ce wannan babban mutumin, mai babbar riga, wane ne?"

"Ɗaga murya, ɗana, kunnen ya tsufa."

Lafiyar kunnen Kawu ƙalau, duk rumfar an san haka, amma ba wanda ya tona masa asiri. Baƙon ya sake faɗa da ƙarfi har na rumfar gaba suka waiwayo. Kawu ya gyaɗa kai a hankali, idanunsa sun cika da ƙwalla. Kyamara tana wuyana, haske ya faɗo a kan fuskarsa yadda malamaina suke so, ni kuwa na sa hannuwana biyu a aljihu na bar shi ya ji karo na uku.